Gaɓa, Ƙarfin Furuci da Ƙirar Kalma a Harshen Italiyanci

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da bai san kowane harshe ba sai Hausa da Ingilishi yakan ɗauka cewa duk abin da ya saɓa wa tsarin ɗayansu naƙasa ce. Yakan kuma haɗa karin sauti da ƙarfin furuci ya mayar da su abu guda, har kuskuren ya bi shi zuwa aji ranar da ya zama malami. Maganin wannan shi ne a ɗauko harshe na uku a aza shi kusa da Hausa a duba. A wannan babi za a yi nazarin abubuwa uku a Italiyanci: yadda ake rarraba kalma zuwa gaɓoɓi, da gurbin da ƙarfin furuci yake sauka, da hanyoyin ƙirar kalma. Za a ga cewa ukun nan a sarƙe suke. Siffar gaɓa tana da hannu wajen zaɓar gurbin ƙarfin furuci, ƙarfin furuci yana sauya wasali, ɗafi kuma yana ɗauke ƙarfin furuci daga wata gaɓa zuwa wata.

An zaɓi Italiyanci ne saboda yana da kama da Hausa ta fuskoki da dama, duk da cewa babu dangantakar asali a tsakaninsu. Yawancin kalmominsa da wasali suke ƙarewa, yana bambanta baƙi mai shadda da marar shadda, yana da jinsi biyu, kuma rubutunsa bai yi nisa da furucinsa ba.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi da Sautuka

Italiyanci ya tsiro ne daga Latin na baka, kamar Faransanci da Sifaniyanci. Daidaitaccen nau'insa ya ginu a kan karin harshen birnin Firenze na ƙarni na 14, wanda Dante Alighieri (1265–1321) da Francesco Petrarca (1304–1374) da Giovanni Boccaccio (1313–1375) suka yi rubutu da shi. A shekarar 1583 aka kafa cibiyar kula da harshen mai suna Accademia della Crusca, wadda ta fitar da ƙamusunta na farko a 1612. Harshen bai zama na kowa da kowa ba sai bayan haɗewar ƙasar Italiya a 1861, lokacin da makaranta da jarida, daga bisani kuma rediyo da talabijin, suka yaɗa shi. A yau sama da mutum miliyan 60 ne suke magana da shi a matsayin harshen uwa.

Abacadan Italiyanci yana da haruffa 21. Haruffan j, k, w, x da y a kalmomin aro aka fi samun su. Domin karanta misalan da ke tafe, ɗalibi ya riƙe waɗannan: harafin c kafin e ko i daidai yake da c na Hausa, amma kafin a, o, u ana furta shi k, harafin g kafin e ko i ana furta shi j, ch kullum k ne, sc kafin e ko i sh ne, gn kuma yana kusa da ny.

Wasulan rubutu biyar ne, amma na furuci bakwai ne, domin e da o kowannensu yana da buɗaɗɗe da rufaffe. Kalmar venti da rufaffen e tana nufin "ashirin", da buɗaɗɗen e kuwa "iskoki". Wannan bambanci a gaɓar da ke ɗauke da ƙarfin furuci kaɗai ake jin sa.

3.0 Gaɓar Kalma

Gaɓar Hausa iri uku ce: BW kamar ci, da BWW kamar kai ko gaɓar farko ta rana, da BWB kamar nan. Babu gaɓar Hausa da take farawa da wasali a furuci, domin hamza tana gabansa ko ba a rubuta ta ba, kuma baƙi biyu ba sa jeruwa a farkon gaɓa. Shi ya sa Bahaushe ya cusa wasali a kalmomin aro irin su burodi, direba da birki. Italiyanci ya fi sassauci a farkon gaɓa:

W: a-mo-re "soyayya"
WB: al-to "dogo"
BW: ca-sa "gida"
BWB: can-to "waƙa"
BBW: tre-no "jirgin ƙasa"
BBWB: gran-de "babba"
BBBW: stra-da "hanya"
BBBWB: stret-to "matsattse"

Idan baƙaƙe uku suka jeru a farkon kalma, na farkon s ne. A ƙarshen kalma kuwa harshen yana da tsauri. Ban da ƙananan kalmomi irin su il, con, per, non, da kalmomin aro irin su film da sport, kusan kowace kalma da wasali take ƙarewa.

3.1 Ƙa'idojin Rarraba Gaɓa

(i) Baƙi ɗaya tsakanin wasula biyu yana bin wasalin da ke gabansa: a-mi-co "aboki", ta-vo-lo "tebur".

(ii) Baƙi mai shadda ana raba shi biyu: gat-to "kyanwa", bel-lo "kyakkyawa". Haka ma cq: ac-qua "ruwa".

(iii) Idan l, r, m ko n ya zo kafin wani baƙi, yana rufe gaɓar baya: por-ta "ƙofa", cam-po "fili".

(iv) Baƙin da l ko r ya bi bayansa, ba a raba su: li-bro "littafi", pa-dre "uba".

(v) Haruffan da suka haɗu suka ba da sauti ɗaya ba a raba su, kamar dai yadda ba a raba sh ko ts a Hausa: ba-gno "makewayi", pe-sce "kifi", fi-glio "ɗa".

(vi) Tagwan wasali yana zama a gaɓa ɗaya: pie-de "ƙafa", uo-mo "mutum", cau-sa "dalili". Amma idan kowane wasali yana cin gashin kansa, sai a raba: pa-e-se "ƙasa", pa-u-ra "tsoro", vi-a "titi".

(vii) Harafin s da baƙi ya bi bayansa yana tafiya tare da gaɓar gaba: pa-sta "taliya", fi-ne-stra "taga".

3.2 Matsalar s Kafin Baƙi

Ƙa'ida ta bakwai ta rubutu ce. Kunne kuwa wani abu daban yake ji, domin masana tsarin sauti da yawa suna ganin cewa a furuci pas-ta ake yi. Hujjarsu ta farko daga tarihi take. Gajeren e da gajeren o na Latin sun zama ie da uo a buɗaɗɗiyar gaɓa mai ƙarfin furuci, amma ba su sauya ba a rufaffiyar gaɓa. Don haka pedem ya zama piede, focus ya zama fuoco "wuta", alhali porta tana nan yadda take. To, petra ta zama pietra "dutse", wanda ya nuna cewa tr bai rufe gaɓar farko ba. Ita kuwa festa "biki" ba ta sauya ba, haka ma costa "gaɓar teku". Ke nan s ya rufe gaɓar kamar yadda r ya rufe ta a porta.

Hujja ta biyu daga nahawu take. Mafayyacin da ke zuwa kafin suna namiji tilo shi ne il, kamar a il libro da il treno. Amma kafin s da baƙi sai ya koma lo: lo studente "ɗalibi", lo specchio "madubi". Wasalin o yana ba s wurin jingina, sai furucin ya fito los-tu-den-te. Darasin da ke nan shi ne, ƙa'idar rubutu yarjejeniya ce ta masu rubutu, kuma ba kullum take dacewa da abin da baki yake yi ba.

3.3 Shadda da Tsawon Wasali

Kamar yadda Hausa take bambanta daba da dabba, ko kule da kulle, ko mana da manna, haka Italiyanci yake yi:

pala "shebur" — palla "ƙwallo"
sete "ƙishirwa" — sette "bakwai"
nono "na tara" — nonno "kaka namiji"
caro "mai tsada" — carro "amalanke"
capello "silin gashi" — cappello "hula"

Inda harsunan biyu suka rabu shi ne tsawon wasali. A Hausa tsawon wasali yana bambanta ma'ana, kamar gari na zama da gari na tuwo. A Italiyanci ba ya bambantawa, siffar gaɓa ce take kawo shi. Wasali yana tsawaita idan gaɓarsa buɗaɗɗiya ce, tana ɗauke da ƙarfin furuci, kuma ba ita ce ta ƙarshe ba. Saboda haka a na farko a pala dogo ne, na palla kuma gajere. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, domin dogon wasalin ƙarshen gida yana gajarcewa a gidan, na riga kuma a rigar. Duk harsunan biyu suna guje wa dogon wasali a rufaffiyar gaɓa.

4.0 Ƙarfin Furuci

Ƙarfin furuci shi ne fifita gaɓa ɗaya a kan sauran gaɓoɓin kalma ta hanyar danna ta, wato a ƙara mata tsawo da ƙarfin murya. Ya bambanta da karin sauti. A Hausa kowace gaɓa tana da nata karin, sama ko ƙasa ko faɗau, kuma kalma tana iya zuwa da karin sama tun daga farko har ƙarshe, kamar makaranta. A Italiyanci kuwa gaɓa ɗaya tak ce take shugabantar kalma, sauran mabiya ne. A misalan da ke tafe an rubuta gaɓar da ake dannawa da manyan haruffa domin sauƙaƙa wa ɗalibi.

4.1 Rabe-raben Kalmomi

Masu nahawun Italiyanci suna ƙirga gaɓoɓi daga ƙarshen kalma, suka kasa kalmomi kamar haka:

(a) Tronca, mai ƙarfi a gaɓar ƙarshe: cit-TÀ "birni", caf-FÈ "gahawa", per-CHÉ "don me".

(b) Piana, mai ƙarfi a ta biyun ƙarshe: CA-sa, a-MI-co, fra-TEL-lo "ɗan'uwa". Wannan rukuni ya fi kowanne yawa.

(c) Sdrucciola, mai ƙarfi a ta ukun ƙarshe: TA-vo-lo, ME-di-co "likita", MU-si-ca "kiɗa". Sunan ya fito ne daga aikatau mai nufin "sulɓewa", domin murya tana sulɓewa a kan gaɓoɓi biyun da suka rage.

(d) Bisdrucciola, mai ƙarfi a ta huɗun ƙarshe: A-bi-ta-no "suna zaune", te-LE-fo-na-no "suna buga waya". Wannan a aikatau kaɗai ake samun sa.

4.2 Aikin Ƙarfin Furuci

Aikin da karin sauti yake yi a kuka na hawaye da kuka ta miya, ko wuya na jiki da wuya ta wahala, shi ƙarfin furuci yake yi a nan:

AN-co-ra "ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa" — an-CO-ra "har yanzu"
PRIN-ci-pi "'ya'yan sarki" — prin-CI-pi "ƙa'idoji"
SU-bi-to "nan take" — su-BI-to "wanda aka sha wahalarsa"
PA-pa "Fafaroma" — pa-PÀ "baba"
ME-ta "manufa" — me-TÀ "rabi"

Haka kuma yana aikin nahawu. PAR-lo "ina magana" ne, par-LÒ kuwa "ya yi magana". Wannan ya yi daidai da yadda karin sauti yake raba tashi ta umarni da tashi ta cikin ya tashi. Akwai ma inda siffa ɗaya take ba da kalmomi uku: CA-pi-ta-no "suna aukuwa", ca-pi-TA-no "kyaftin", ca-pi-ta-NÒ "ya jagoranta".

4.3 Alamar Rubutu

Dokar rubutu ta wajabta sa alama idan ƙarfin ya sauka a wasalin ƙarshe na kalma mai gaɓa biyu ko fiye, sai kuma a wasu kalmomi masu gaɓa ɗaya domin raba su da takwarorinsu, kamar è "ne/ce" da e "da", ko sì "i" da si "kansa", ko dà "yana bayarwa" da da "daga". A tsakiyar kalma ba dole ba ne. Saboda haka wanda ya ga ancora a rubuce, jimla ce za ta gaya masa wadda ake nufi. Ƙa'idar rubutun Hausa ma haka take, tun da ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali. Ɗan harshe ba ya tuntuɓe, amma mai koyo sai ya haddace kowace kalma da furucinta.

4.4 Asalin Tsarin

A Latin gurbin ƙarfin furuci sananne ne. Idan gaɓa ta biyun ƙarshe mai nauyi ce, wato tana da dogon wasali ko baƙi ya rufe ta, a kanta yake sauka. Idan marar nauyi ce, sai ya koma ta ukun ƙarshe. Kalmar amicus tana da dogon i, medicus kuwa gajere. Daga baya bambancin dogo da gajeren wasali ya ɓace, amma ƙarfin furuci ya tsaya inda yake. Shi ya sa a yau ake da a-MI-co da ME-di-co ba tare da wani dalili na zahiri ba. Rabin tsohuwar dokar dai yana nan: idan ta biyun ƙarshe rufaffiya ce, kusan kullum ita ake dannawa, kamar mo-MEN-to "lokaci" da fra-TEL-lo. Togaciyar kaɗan ce, kamar sunan birnin TA-ran-to.

Yawancin sunaye na rukunin tronca kuwa gutsurarru ne, kuma ma'anar sunan rukunin ke nan. Città daga cittade take, virtù "nagarta" daga virtude. Gaɓar ƙarshe ta faɗi, ƙarfin ya zauna a gurbinsa, sai ya wayi gari a ƙarshen kalma.

4.5 Tasirinsa a kan Sautuka

Tasiri na farko shi ne sauyin wasali. Tagwayen ie da uo suna fitowa idan ƙarfin yana kan saiwa, suna komawa e da o idan ya matsa gaba:

BUO-no "mai kyau" — bon-TÀ "kirki"
NUO-vo "sabo" — no-vi-TÀ "sabon abu"
SCUO-la "makaranta" — sco-LA-ro "ɗan makaranta"
PIE-de "ƙafa" — pe-DO-ne "mai tafiya a ƙasa"
TIE-ne "yana riƙe" — te-NIA-mo "muna riƙe"

Tasiri na biyu shi ne shadda a tsakanin kalmomi. A furucin tsakiya da kudancin Italiya, da kuma daidaitaccen furuci, baƙin farkon kalma yana samun shadda idan kalmar da ta gabace shi ta ƙare da wasali mai ƙarfi, ko kuma tana cikin wasu ƙananan kalmomi irin su a da e. Ana rubuta città bella da a casa, amma ana furta b da c da shadda. Inda kalmomin suka riga suka manne, rubutu yana nuna shaddar: chi sa ya zama chissà "wa ya sani", da vero ya zama davvero "da gaske". Ɗalibi zai tuna da nason Hausa, inda ake rubuta rigar sarki a furta rigas sarki.

Tasiri na uku a waƙa yake. Ma'aunin rubutacciyar waƙar Hausa yana tafiya ne da jerin gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi. Shi kuwa fitaccen ma'aunin Italiyanci, endecasillabo, wanda Dante ya tsara Commedia da shi, sharaɗinsa shi ne ƙarfin ƙarshe ya sauka a gaɓa ta 10. Idan ɗango ya ƙare da piana gaɓoɓinsa 11 ne, da tronca 10, da sdrucciola 12, kuma duk ma'auni ɗaya ne.

5.0 Ƙirar Kalma

5.1 Kumbura

Suna a Italiyanci yana nuna jinsi da adadi ta wasalin ƙarshe: libro/libri, casa/case, cane/cani "kare/karnuka". Idan aka kwatanta da ɗimbin hanyoyin jam'in Hausa, wannan tsari ne mai sauƙi. Kalmar tronca da kalmar da ta ƙare da baƙi ba sa sauyawa: la città/le città, il film/i film. Wasu sunaye kuma namiji ne a tilo, tamata a jam'i, kamar l'uovo/le uova "ƙwai" da il dito/le dita "yatsa". Waɗannan ragowar jinsi na uku ne da Latin yake da shi.

Wasalin i na jam'i yakan jawo ganɗantawa, kamar yadda ta auku a mota/motoci da kaza/kaji. A sunaye masu ƙarewa da -co, ƙarfin furuci yana da ta cewa. Sdrucciola takan ganɗanta: ME-di-co/ME-di-ci. Piana takan riƙe sautin k: FUO-co/FUO-chi. Akwai togaciya, mafi shahara ita ce amico/amici.

5.2 Ɗafa-ƙeya

Wannan ita ce babbar hanyar tsira a harshen. Ga kaɗan daga ciki:

Mai sana'a: forno "tanda" → fornaio "mai gasa burodi", lavorare "yin aiki" → lavoratore "ma'aikaci"
Wuri: libro → libreria "kantin littattafai"
Sunan aiki: cambiare "sauyawa" → cambiamento "sauyi"
Ɓoyayyen suna: bello → bellezza "kyau", felice "mai farin ciki" → felicità "farin ciki"
Asali: Milano → milanese, Roma → romano
Bayanau: lento "marar sauri" → lentamente "a hankali"

Abin lura shi ne, aikin da Hausa take yi da ɗafa-goshi a manomi, makaranta da Bakano, Italiyanci da ɗafa-ƙeya yake yin sa. Ɗafin -mente kuwa asalinsa cikakkiyar kalma ce ta Latin mai nufin "zuciya" ko "hankali", kuma tamata ce. Shi ya sa har yau a jikin sifa tamata yake mannewa: lenta + mente.

Ɗafa-ƙeya na tsira yakan ƙwace ƙarfin furuci daga saiwa: GIOR-no "yini" → gior-NA-le "jarida" → gior-na-LI-sta "ɗan jarida". Hausa tana da makamancin wannan, inda ɗafin jam'i yake shimfiɗa nasa karin sautin a kan dukkan kalma. Malami tana da sama-ƙasa-sama, malamai kuwa ƙasa-ƙasa-sama. Su kuwa wakilan suna da ke mannewa a ƙarshen aikatau ba sa motsa ƙarfin: DI-te "ku faɗa", DI-te-mi "ku faɗa mini", DI-te-me-lo "ku faɗa mini shi". Ta nan ne ake samun ƙarfin furuci nesa da ƙarshen kalma.

5.3 Ɗafin Ƙanƙantawa da Girmamawa

Italiyanci ya yi fice wajen wasu ɗafe-ɗafe da ba sa sauya ajin kalma, sai dai su nuna girma ko ƙanƙanta, ƙauna ko ƙyama. Daga ragazzo "yaro" ana samun ragazzino "ɗan ƙaramin yaro", ragazzone "ƙaton yaro" da ragazzaccio "yaron banza". Daga casa ana samun casetta "ɗan gida" da casaccia "mummunan gida". Hausa da kalmomi take wannan aiki: ɗan, 'yar, 'yan, ƙato, da sifofi irin su zungurere da santalele.

Wasu daga cikin waɗannan kalmomi sun daɗe har sun zama masu zaman kansu. Spaghetti jam'in spaghetto ne, daga spago "zare mai kauri". Violino ƙaramar viola ce. Portone "babbar ƙofa" daga porta take, kuma ɗafin ya mayar da ita namiji. Sai dai a yi hattara, ba duk mai kama da ɗafi ne ɗafi ba. Mattone "tubali" ba shi da alaƙa da matto "mahaukaci", haka tacchino "talotalo" da tacco "dundunniyar takalmi", kamar yadda ma na farkon mace ba ɗaya yake da na manomi ba.

5.4 Ɗafa-goshi

Ɗafa-goshi ba ya taɓa gurbin ƙarfin furuci, kuma galibi ba ya sauya ajin kalma. Ri- yana nuna maimaici: fare "yi" → rifare "sake yi". S- da dis- suna juya ma'ana: fortuna "sa'a" → sfortuna "rashin sa'a", onesto "mai gaskiya" → disonesto. Ɗafin korewa in- yana nashewa da baƙin da ke gabansa: utile/inutile, possibile/impossibile, legale/illegale, regolare/irregolare. Ɗafin s- kuwa yana mayar da mu ga matsalar da aka gani a 3.2, domin yana haifar da s kafin baƙi: il carico "kaya", amma lo scarico "sauke kaya".

Akwai aikatau da ake ƙera su da ɗafi biyu a lokaci guda, gaba da baya: bello → abbellire "ƙawata", vecchio "tsoho" → invecchiare "tsufa", barca "kwale-kwale" → imbarcare "ɗora wa jirgi". Haka ma- da -i suke haɗuwa su rungumi saiwa a maɗinki da mabuɗi.

5.5 Harɗantawa da Gutsurewa

A nan kamar da ke tsakanin harsunan biyu ta fi fitowa. Tsarin aikatau da suna, irin na dafa-duka, hana-salla da fasa-ƙwauri, yana da yawa a Italiyanci: asciugamano "busar da hannu", wato tawul, portafoglio "ɗauki takarda", wato walat, grattacielo "sosa sama", wato dogon bene. Tsarin aikatau biyu, irin na faɗi-tashi da kai-komo, shi ne na saliscendi "hau-sauka". Akwai suna da suna: ferrovia "hanyar ƙarfe", wato layin dogo, da capostazione "shugaban tasha", wanda jam'insa capistazione yake sauyawa a tsakiya. Akwai suna da sifa: cassaforte "akwati mai ƙarfi", jam'insa casseforti. Akwai kuma sifa biyu: pianoforte "a hankali da ƙarfi", sunan kayan kiɗan da Bartolomeo Cristofori ya ƙera a Firenze wajen shekarar 1700.

Gutsurewa tana rage tsawon kalma ba tare da ta taɓa jinsinta ba. Fotografia ta zama foto, motocicletta ta zama moto, kuma duk tamata ne ko da yake sun ƙare da o. Kalmomin aro na zamani kuwa, suna yakan shigo yadda yake, aikatau kuma sai an ɗafa masa -are, kamar cliccare "latsawa a kwamfuta".

6.0 Kammalawa

An ga cewa gaɓar Italiyanci ta fi ta Hausa ɗaukar baƙaƙe a farkonta, amma harsunan biyu sun yi tarayya a shadda, da ƙarewa da wasali, da gajarce wasali a rufaffiyar gaɓa. An ga kuma cewa nauyin da karin sauti da tsawon wasali suke ɗauka a Hausa, ƙarfin furuci ne yake ɗaukar sa a Italiyanci, kuma a duk harsunan rubutu yana ɓoye wani ɓangare na abin da kunne yake ji. Malamin da zai koyar da gaɓa ya fara da sa ɗalibai su furta kalma su saurare ta kafin ya rubuta ta a allo, kuma kada ya kira karin sama da sunan ƙarfin furuci.

Tambayoyi

1. Rarraba waɗannan kalmomi zuwa gaɓoɓi, ka faɗi ƙa'idar da ka bi: fratello, finestra, poeta, acqua, montagna.
2. Kawo hujjoji biyu da ke nuna cewa s yana rufe gaɓa a kalmar festa.
3. Bambanta karin sauti da ƙarfin furuci, tare da misalai uku daga kowane harshe.
4. Me ya sa ake samun uo a scuola amma babu shi a scolaro?
5. Kawo harɗaɗɗun kalmomin Hausa biyar masu tsarin aikatau da suna, ka kwatanta su da asciugamano.